Awo da Mudun Wani Gari: Lantarkin Ƙwaƙwalwa da Gwajin Fahimta daga Unguwar Rimi

Takardar da aka gabatar a taron ƙara wa juna sani kan lafiyar ƙwaƙwalwa, Kaduna

Tsakure

Takardar ta duba yadda ake auna lantarkin da ƙwaƙwalwa ke fitarwa da na'urar da likitoci ke kira EEG, domin gane halin da fahimtar mutum take ciki: lurarsa, saurin ganewarsa da riƙon abin da ya ji. Hujjarta ita ce wannan awo ya dace da mutanenmu ta fuskar da gwajin takarda da biro bai dace ba, domin ba ya tambayar mutum ko ya yi boko. Sai dai lambobin da na'urar ke bayarwa ba su da ma'ana sai an kwatanta su da na lafiyayyun mutane, kuma ma'aunan kwatancen da ke hannunmu daga wasu ƙasashe aka taro su. Takardar ta nemi a tara ma'auni na gida, ta kuma kawo Unguwar Rimi a matsayin wurin da ya dace a soma.

Gabatarwa



Abin da ya jawo ni ga wannan batu ya faru ne da wata dattijuwa maƙwabciyarmu a Unguwar Rimi, wadda duk layinmu ke kira Inna. 'Ya'yanta sun lura ta fara mance inda ta ajiye abu, suka roƙe ni in raka su wani asibiti. Likitan matashi ne mai ladabi. Ya fito da takardar gwajin nan mai maki 30 da Folstein da abokansa suka wallafa a 1975, wadda ake kira MMSE, yana karantawa da Turanci yana juya mata da Hausa.

"Mama, yau nawa ga wata?"

"Sha biyu ga watan Rajab, ɗana."

Ya ja layi, domin kwanan watan Bature takardar ke nema. Ya ce ta riƙa cire bakwai daga ɗari tana sauka. Ta ce masa, "Bakwai ɗin me? Naira ko mudu?" Sannan ya miƙa mata biro ta kwaikwayi zanen wasu siffofi biyu masu kusurwa biyar-biyar da suka shiga juna. Na ga yadda ta riƙe biron kamar alƙalamin kara, hannun yana rawa, ta ɗiga ɗigo biyu ta ajiye, ta ce, "Ɗana, ka yi mini afuwa, ban saba ba." Makinta ya faɗi ƙasa da 24, iyakar da aka saba ɗauka alamar matsala.

Wannan matar ita ce uwar adashen matan layinmu shekara da shekaru, ta san zubin kowa da ranar kwasar kowa ba tare da littafi ba, kuma tana da izu da dama a ka. Wataƙila da gaske gigin tsufa ya fara taɓa ta. Amma takardar nan ba ta isa ta faɗa mana ba, domin rabin abin da ta auna shi ne ko Inna ta taɓa zama a aji. Tun ranar nake tambayar kaina ko akwai hanyar jin ta bakin ƙwaƙwalwa kanta, ba sai an bi ta biro ba.

Abin da na'urar ke ji

A 1875 wani likita a Libaful, Richard Caton, ya nuna cewa ƙwaƙwalwar zomo da ta biri suna fitar da lantarki. Hans Berger, likitan taɓin hankali a garin Jena na Jamus, shi ya fara ɗaukar na ɗan Adam a 1924, bai wallafa ba sai 1929, kuma ba a gaskata shi sosai ba sai da Adrian da Matthews suka maimaita aikin a Kambirij a 1934. A 1958 Herbert Jasper ya bayyana tsarin da har yau ake bi wajen jera faifai a kai, wanda ake kira 10-20, domin kan yaro da na babba su auno daidai da juna.

Ƙwaƙwalwar mutum na ɗauke da ƙwayoyin jijiya kusan biliyan 86. Ƙwaya ɗaya ba ta da ƙarfin da za a ji ta daga waje. Abin da ke ratsa ƙashin kai da fata ya iso ga faifan ƙarfen da aka manna shi ne motsin dubban ƙwayoyi na ɓawon ƙwaƙwalwa idan suka yi aiki a tare, kamar yadda wanda ke bayan katangar filin wasa na Ahmadu Bello ba ya jin zancen mutum ɗaya, amma yana jin sowar jama'a idan an ci ƙwallo. Ƙarfin abin ƙanƙane ne ƙwarai: tsakanin kashi 10 zuwa 100 cikin miliyan na bolt guda. Batirin tocila mai bolt ɗaya da rabi ya ninka shi dubbai. Ya kamata a jaddada wa marasa lafiya cewa na'urar sauraro kawai take yi, ba ta sa wa kowa wuta a kai, domin da yawa suna rikita ta da maganin girgizar lantarki da suka ji labarinsa a asibitin masu taɓin hankali.

An kasa igiyoyin da ake gani gwargwadon yawan kaɗawarsu a sakan guda. Delta ƙasa da sau 4 take, ita ce ta barci mai nauyi. Teta 4 zuwa 8, ta gyangyaɗi da ta ƙuruciya. Alfa 8 zuwa 13, tana fitowa a ƙeya idan mutum ya rufe ido yana farke cikin natsuwa, ta ɓace da ya buɗe. Beta 13 zuwa 30, ta mai aiki da hankali. Abin da ya shafi batunmu shi ne waɗannan igiyoyi suna girma tare da yaro. Igiyar ƙeya na fara bayyana wajen wata 3 zuwa 4 da haihuwa tana kaɗawa sau 3 zuwa 4, ta kai kusan 6 a shekara guda, ta kai 8 wajen shekara 3, ta daidaita wajen 10 kafin balaga. Wato kamar yadda muke da katin awon nauyin jariri a asibitin sha-ka-tafi, ana iya samun katin girman ƙwaƙwalwa. Idan kuma ƙwaƙwalwa ta samu matsala, ko ta tsufa ko ta ciwo, yawanci igiyoyin kan koma baya su yi nawa, teta da delta su yawaita a inda ya kamata alfa ta mamaye.

Hanya ta biyu ta fi kusa da abin da muke nema. Ana sa wa mutum sauti iri ɗaya yana maimaituwa, jefi-jefi a sako wani na daban, misali sau 20 cikin 100, a ce ya ƙirga na dabam ɗin ko ya danna maɓalli. Idan aka tara amsoshin ƙwaƙwalwa aka fitar da matsakaicinsu, sai a ga wani tudu ya taso kusan kashi 300 cikin 1000 na sakan bayan baƙon sautin. Samuel Sutton da abokansa suka bayyana shi a 1965, ana kiransa P300. Lokacin fitowarsa na nuna saurin da ƙwaƙwalwa ta tantance abin da ta ji, tsayinsa kuma na da alaƙa da yawan hankalin da aka mayar. Yana ƙara jinkiri sannu a hankali da shekaru, kuma jinkirin kan zarce na tsara a masu gigin tsufa. A 1978 Risto Näätänen na Finlan da abokansa suka gano wata amsar da ta riga wannan fitowa, wadda ba ta ma buƙatar mutum ya kula: ƙwaƙwalwa na nuna ta ji canji ko mai ita yana kallon wani abu daban, shi ya sa ake amfani da irinta ga jarirai. A 1980 Kutas da Hillyard suka ƙara da N400, wadda ke tasowa idan aka ji kalmar da ba ta dace da jimla ba. A ce, "Na sha koko da ƙosai," ƙwaƙwalwa ta wuce salin-alin. A ce, "Na sha koko da takalmi," ta yi tsalle kafin mai ita ya buɗe baki.

Babu ɗaya cikin waɗannan da ke buƙatar mutum ya san kwanan watan Bature ko ya iya riƙe biro.

Me ya sa abin ya shafe mu

Cututtukan da ke cin ƙwaƙwalwar yaro a ɓoye sun yi mana yawa. Ƙididdigar Hukumar Lafiya ta Duniya ta nuna fiye da rubu'in masu kamuwa da zazzaɓin cizon sauro a duniya a Najeriya suke. Idan zazzaɓin ya hau kai, yaro kan suma ya yi ta jijjiga, kuma wanda ya farfaɗo ba lallai ya dawo yadda yake ba. Binciken Chandy John da Michael Boivin a Yuganda, wanda aka wallafa a 2008, ya sami kusan yaro ɗaya cikin huɗu da raunin fahimta shekara biyu bayan ciwon. A Kilifi ta Kenya, Michael Kihara da abokansa sun yi amfani da irin gwajin baƙon sauti da na ambata, suka nuna a 2010 cewa ƙwaƙwalwar yaran da suka taɓa yin zazzaɓi mai tsanani tana amsa sabon abu ta hanyar da ta bambanta da ta sauran. A Bilantaya ta Malawi kuwa, Gretchen Birbeck ta bi irin waɗannan yara ta ga farfaɗiya da matsalar ɗabi'a suna biyo baya.

Ga sanƙarau, wanda a annobar 1996 ya kama fiye da mutum 100,000 a ƙasar nan. Ga gubar dalma da ta kashe yara aƙalla 400 a Zamfara a 2010, a ƙauyuka irin su Dareta da Yargalma da Bagega, ta sake ɓulla a ƙaramar hukumar Rafi ta jihar Neja a 2015. Waɗanda suka tsira yanzu samari ne da 'yan mata, kuma dalma ba ta barin ƙwaƙwalwa yadda ta same ta. Ga sikila, wadda ke haddasa shanyewar ɓarin jiki a fili da kuma ƙananan toshewar jijiya da ba a gani sai dai karatun yaro ya lalace. Ga tamowa. A kanta ne aka yi ɗaya daga cikin ayyukan da suka fi burge ni. A tsibirin Babados, Janina Galler ta bi yaran da suka yi tamowa a shekararsu ta farko, aka ɗauki awon ƙwaƙwalwarsu a 1977 da 1978 suna tsakanin shekara 5 zuwa 11. Bayan shekara arba'in, masana daga Kiyuba ƙarƙashin Pedro Valdés-Sosa suka sake nazarin bayanan da sababbin dabaru, suka ga alamun jinkirin girman ƙwaƙwalwa a yaran, alhali jikinsu ya daɗe da murmurewa.

Kuma ba labarin baƙin ciki kaɗai na'urar ke bayarwa ba. A Romaniya, aikin da Charles Nelson da Nathan Fox da Charles Zeanah suka fara a Bukares a 2000 ya nuna yaran gidan marayu suna da teta fiye da kima da ƙarancin alfa. Waɗanda aka mayar hannun iyalai kafin su cika wata 24, da suka kai shekara 8 alfarsu ta yi kama da ta yaran da suka tashi a gidajen iyayensu. Wato awon na iya nuna ko taimakon da aka yi ya kai ga ƙwaƙwalwa. Duk mai shirin ciyar da yara ko rabon maganin rigakafin zazzaɓi na damina yana da buƙatar irin wannan shaida.

Kada a ce aikin ya fi ƙarfin ƙauye. A Keneba ta Gambiya an auna jarirai 'yan wata 1 da wata 5 da wannan hanya, sakamakon ya fito a 2020. A Konakiri ta Gini, Farrah Mateen da abokan aikinta na asibitin Ignace Deen sun gwada wata hula mai faifai 14 da ake haɗawa da ƙaramar kwamfutar hannu, ana tura awon ta intanet ga ƙwararru a wata ƙasa su karanta.

Abin da ke hannunmu a Kaduna

Mazaunin Unguwar Rimi ba ya rasa inda zai je. Asibitin Koyarwa na Barau Dikko na nan kusa cikin gari. Idan ya haye kogi, ga Asibitin Ƙwaƙwalwa na Tarayya a Barnawa. Ga Cibiyar Kula da Kunne ta Ƙasa, inda awon amsar jijiyar ji yake daga cikin aikin yau da kullum na fannin, kuma ɗan'uwan abin da nake magana a kai ne. A gaba ga asibitin koyarwa na Shika, ga Asibitin Malam Aminu Kano. Barau Dikko ɗin nan na cikin asibitoci uku, tare da na Malam Aminu Kano da na Murtala da ke Kano, da suka gudanar da gwajin maganin hana shanyewar ɓarin jiki ga yara masu sikila wanda aka wallafa a 2022. Garin da ya iya wannan zai iya abin da nake nema.

Amma kusan duk awon EEG da ake yi a arewa na farfaɗiya ne, kuma hakan daidai ne, domin ita ce buƙata ta farko. Nazarin da Lukman Owolabi na Kano da abokansa suka wallafa a 2019 ya ƙiyasta masu ita kusan 8 cikin kowane 1000 a Najeriya. Ko a nan ma akwai inda farfaɗiya da fahimta suka haɗu, kuma ina so malaman makaranta da ke zauren nan su saurara. Akwai wata irin farfaɗiya ta yara da ba ta kayar da su. Yaro na cikin magana sai ya tsaya cak, ido a buɗe, sakan 5 ko 10, ya ci gaba kamar babu abin da ya faru. Tana iya zuwa masa sau da yawa ƙwarai a yini. A aji sunansa daƙiƙi ko mai taurin kai, a gida a ce iska ce ta shafe shi. A ɗakin awo, idan aka sa shi ya yi ta hura takarda na minti 3, sai ga tambarin ciwon a allo: tsini da tudu suna bin juna sau 3 a sakan, kamar yadda Gibbs da Davis da Lennox suka bayyana tun 1935. Wannan farfaɗiya tana jin magani. Irin wannan yaron an sha zane shi kan laifin da ba nasa ba, kuma awon rabin awa ya isa ya wanke shi.

Haka nan dattijon da ya ruɗe farat ɗaya yana sambatu. Sau da yawa ciwon ƙoda ne ko hanta ko ƙwayar cuta, kuma nawar igiyoyi a ko'ina cikin kai na taimaka wa likita ya raba shi da mai taɓin hankali.

Kitso, gumi da janareto

Wanda bai taɓa tsayawa a ɗakin awo ba zai ɗauka da an sayo na'ura an gama. Faifan dole ya taɓa fatar kai sosai, da man da ke wuce lantarki a tsakani. An ƙera hulunan ne da laushin gashin Turawa a rai. Gashinmu mai murɗiya yana ɗaga faifai sama kamar katifa. Na ga yarinya 'yar shekara 9 da aka kawo da sabon kitso shuku, an shafe shi da man kitso yana ƙyalli. Ma'aikaciyar ta duba ta ce, "Hajiya, sai dai a tsefe a wanke, ku dawo jibi." Uwar ta yi shiru, sannan ta ce a hankali, "'Yar nan, kuɗin mota ma rance na yi." Ba su dawo ba. Da a ce tun ranar da aka rubuta musu takarda wani ya yi musu bayani da Hausa, da ba a yi asarar nan ba.

Abin sha'awa, maganin na cikin kitson kansa. A 2020 Arnelle Etienne da abokanta a jami'ar Carnegie Mellon ta Amurka sun nuna cewa idan aka yi kitso a kwance, tsagar ta bi layukan tsarin 10-20, fatar kai na buɗewa daidai inda ake so, har suka ƙera faifai masu maƙalewa a jikin kitson. Duk mai kitso a kasuwar Unguwar Rimi za ta iya koyon wannan tsaga a yini ɗaya. Ya kamata kuma a tanadi ma'aikaciya mace da labule, domin mace mai hijabi ba za ta natsu kanta a buɗe gaban namiji ba, kuma wanda bai natsu ba tsokar goshinsa da ta muƙamuƙinsa kan cika awon da hayaniya.

Yanayinmu ma na da nasa. A Maris da Afrilu gumi na sa layukan su riƙa lilo a hankali, mai ƙaramin sani ya ɗauka delta ce. Da hunturu fata na bushewa, faifai ya ƙi kama. Wutar gidajenmu na kaɗawa sau 50 a sakan, janareto kuma ba ya tsayawa a kan lamba ɗaya, sai tacewar da aka saita wa na'urar ta kasa kore shi. Na'ura mai batir da ake caji da hasken rana ta fi mana. Sai abin da mutum ya ci ko ya sha. Dattijon da ya tauna goro da safe, da matashin da ya sha taramol, da yaron da ke kan fenobabiton, da mai azumin da ya kwana tahajjud, kowannensu awonsa zai karkata. Dole takardar tambaya ta ƙunshi waɗannan, da sunayen da mutane suka san su da su.

Mudun wa?

A nan ne gizo ke saƙar. Na'urorin zamani ba layuka kaɗai suke nunawa ba. Suna lissafa ƙarfin kowace igiya, su kwatanta da na lafiyayyun tsaran mutum, su fito da taswirar kai mai launi, ja a nan shuɗi a can. Tambayar ita ce su wane ne tsaran. Babban ƙoƙarin haɗa ma'aunin duniya da aka wallafa a 2022 ya tara awon mutum 1564 daga ƙasashe 9, kuma babu ƙasar Afirka ko ɗaya a ciki. Matar da ta saba cefane ta san mudun Kaduna daban, tiyar Kano daban. Wanda ya auna da wannan ya karɓi kuɗin waccan, ko ya cuci kansa ko ya cuci mai saye.

Ba ina cewa halittar ƙwaƙwalwar Bahaushe daban take ba. Abin da ya bambanta shi ne abincin ƙuruciya, yawan zazzaɓi, ƙarancin jini, tsarin barci, irin karatu da yanayin gashi, kuma duk suna taɓa lambobin. Ibadan ta riga ta koya mana darasin. Aikin da Benjamin Osuntokun da Hugh Hendrie suka kafa, wanda ya fara a 1992 yana kwatanta tsofaffin Yarabawa da baƙaƙen fatar Indiyanafolis, bai ɗauki gwajin Turawa ya fassara kawai ba. Sai da aka tsara gwajin da ya dace da wanda bai yi boko ba, aka haɗa da tambayar dangi, sannan aka amince da sakamakon. Binciken da aka yi kan tsofaffi a Zariya aka wallafa a 2011, wanda ya sami gigin tsufa a kusan 3 cikin 100, ya amfana da wannan shimfiɗa.

Harshenmu ma dole ya shiga. Hausa na rarrabe ma'ana da karin sauti da tsawon wasali: kukan yaro da kukar miya, garin Kaduna da garin tuwo. Tana da baƙaƙe masu ƙugiya, inda bari da ɓari suka rabu. Gwajin sauti da na jimla da aka gina kan Turanci ba zai kama waɗannan ba. Wannan aiki ne na masana harshe a Jami'ar Jihar Kaduna da ta Ahmadu Bello da ta Bayero, su zauna da likitoci su tsara kalmomi da jimloli. Kuma wajen rubuta matakin ilimin mutum, a daina rubuta sifili ga wanda ya sauke Alƙur'ani a tsangaya.

Iyakar awon

Tilas in ja kunne. Na'urar ba ta karanta tunani, ba ta auna basira da lamba, ba ta gane maƙaryaci. Bambancin da ake gani tsakanin rukuni da rukuni bai cika isa a yanke wa mutum ɗaya hukunci ba. Ko a farfaɗiya, awon farko kan fito lafiya ƙalau ga kusan rabin masu ciwon. A 2013 hukumar magunguna ta Amurka ta amince da wata na'ura mai kwatanta teta da beta don taimakawa wajen gane yara masu rashin natsuwa, amma a 2016 ƙungiyar likitocin jijiya ta ƙasar ta ce kada a dogara da ita wajen tabbatar da ciwon. A 2019 wata makarantar firamare a Jinhua ta Sin ta dakatar da ɗaura wa ɗalibai kambun auna natsuwa bayan surutu ya yi yawa. A 2010 kotun ƙolin Indiya ta haramta tilasta wa wanda ake tuhuma irin wannan gwaji. Ina jin tsoron ranar da wani zai buɗe shago ya ce da iyaye su kawo yara a auna musu ƙwaƙwalwa a faɗa musu wanda zai zama likita. Ya kamata mu riga shi magana.

Sannan ga amana. Mutanen arewa ba su mance gwajin maganin Trovan da aka yi kan yara kusan 200 a Kano a 1996 ba, wanda ya kai ga shari'a da sulhun dala miliyan 75 da gwamnatin jihar a 2009. Duk mai zuwa da wayoyi zai ɗaura a kan ɗan wani, da wannan tarihin zai tarar. Neman izini ya zama da Hausa, da baki da rubutu, boko da ajami. A fara da mai unguwa da limamai da fastoci. Awon mutum sirrinsa ne a ƙarƙashin dokar kare bayanai ta 2023, kuma kwafin asali ya zauna a Kaduna ko da an tura wani waje.

Roƙo

Na zaɓi Unguwar Rimi ne saboda a cikin tafiyar ƙafa ta rabin awa za ka ratsa manyan gidajen ma'aikata ka shiga lungunan da haya ta cika, ka wuce Kwalejin Rimi da islamiyyu da makarantun allo, ka gamu da ƙabilu da addinai a kasuwa ɗaya. Irin wannan gauraye ake nema idan ana son ma'aunin da ba na masu hali kaɗai ba.

Abin da nake nema ba shi da yawa: ɗaki ɗaya mai sanyi da shiru a cibiyar lafiya ta unguwa, na'ura mai batir, ma'aikata biyu mace da namiji, mai kitso ɗaya, da likitan jijiya da zai duba kowane awo. A ɗauki lafiyayyun mutane daga jarirai zuwa tsofaffi, a rubuta tarihin zazzaɓinsu da abincinsu da karatunsu, a haɗa da gwajin baki da aka gina da Hausa. Duk wanda aka ga matsala a awonsa a tura shi asibiti a bi shi har ya sami magani, kada a ɗebi bayanansa a sallame shi.

Ina roƙon shugabannin asibitocin Barau Dikko da Barnawa, da Ma'aikatar Lafiya ta jiha, da malaman sashen Hausa da ke tare da mu a yau, su ba da mutum ɗaya-ɗaya a kafa kwamitin da zai rubuta tsarin wannan aiki kafin mu watse daga taron nan.